Ƙurar da Ta Shiga Tsakanin Dakta Miji da Dakta Mata

Abin da ya hana Maman Biyu gaida mijinta da safe bai kai ƙwayar gishiri ba. Kai, gishiri ma ƙato ne. Wai in aka tsaga silin gashi gida dubu, aka ɗauki ɗaya aka sake yi masa gunduwa-gunduwa, to a nan ne aka fara shiga unguwarsu. Ƙurar wani ƙarfe ce mai tsada da ake ce wa filatinom, wadda ake shafawa a cikin bututun hayaƙin mota don ta kashe dafin hayaƙin kafin ya fito. A kan wannan ƙura ce mutum biyu da suka yi karatu har karatu ya gaji da su, masu 'ya'ya biyu da gado ɗaya, suka koma kowa na juya wa kowa baya.

A ma'aikatar bincike ɗaya suke aiki. Sakatariyar wurin, wadda magana ba ta taɓa kwana a cikinta ba, ita ta raɗa musu Dakta Miji da Dakta Mata, don in an ce Dakta su biyu ke waigowa. A gida kuwa ita Maman Biyu ce, shi kuma Dogo, sunan da uwarsa ta liƙa masa tun ranar da ya fara buga goshi a ƙofar kicin.

Ɗakin aikinta yana can ƙasa, ba taga, ga sanyin na'ura mai shiga ƙashi. A nan Giwa take. Giwa na'ura ce ta ganin ƙananan abubuwa, tsayinta ya kusa taɓa rufi, ga ta da tsirfa kamar 'yar auta: ba ta son ƙara, ba ta son takun ƙafa, tari ma in ya zo wa mutum sai ya fita da abinsa waje. Iska kuwa ko kaɗan ba sa shiri. Kafin Maman Biyu ta duba komai sai ta zuƙe iskar da ke ciki tas, ta ɗan gasa ƙurar, ta bari ta huce. Hannunta ya saba da wannan har ba ya jiran umarnin kanta. Sannan ƙwayoyin zarra, wato 'yan mitsi-mitsin da aka gina ƙarfen da su, su bayyana a allo kamar an watsa riɗi a baƙin faranti, ita kuma ta zauna tana auna tazarar da ke tsakanin wannan da wancan. Hoto bayan hoto, shekara bayan shekara, har idanunta suka faɗa, wuyanta ya ƙage wuri ɗaya.

Shi Dogo ɗakinsa yana sama, ƙarshen baranda. Ba ya ganin hoto. Wani haske yake harba wa ƙurar, dangin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, sai na'urarsa ta zana masa layi mai tozo a allo. Inda tozon ya tsaya, nan ne tazarar ƙwayoyin. Abu ɗaya suke aunawa ke nan, kowa da hanyarsa.

Tun suna sababbin aure suka kafa wa kansu doka, a lokacin kuma kowa ya yaba: ba mai shiga ɗakin aikin wani, ba mai kawo maganar aiki gida. Dogo ne ya zo da ita, wai don kada aure ya ɓata aiki, aiki ya ɓata aure. In an haɗa sabuwar ƙura sai a raba ta kwalba biyu a ajiye a kan wata kanta kusa da matakala, kowa ya zo ya ɗauki tasa ya wuce. Ita ba ta san kalar bangon ɗakinsa ba. Shi kuma bai san ko Giwa na da hanci ba.

Suna nan a haka sai aka samu ƙura mafi ƙanƙanta da aka taɓa haɗawa a gidan, awo kuma ya ƙi haɗuwa. A hotunan Maman Biyu ƙwayoyin sun takure, sun matse juna kamar fasinjoji a motar haya, na gefe ma duk sun karkace. A layin Dogo kuwa suna zaune a wadace, sahu-sahu, daidai da yadda littafi ya ce ƙaton filatinom yake. Bambancin bai fi biyu ko uku cikin ɗari ba, amma a sana'arsu wannan rami ne da mota za ta faɗa. Suka aika rahoton binciken inda ake bugawa, aka dawo musu da shi da tambaya ɗaya: yaya ƙura ɗaya za ta yi awo biyu?

Sai Farfesa, shugaban sashen, ya kira taro. Tsoho ne mai ciwon gwiwa, ba abin da yake so kamar a bar shi ya kai ritaya lafiya. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa, sannan ya ce masu binciken batir sun jima suna bin layi a kan Giwa. Ya ce awon Dakta Miji ya dace da littafi, na Dakta Mata ne ya fita daban. In zuwa taron ƙarshen wata ba a gano bakin zaren ba, za a cire hotunanta daga rahoton, ta miƙa wa masu batir mabuɗin ɗakin Giwa, ita kuma a ba ta sababbin ɗalibai ta riƙa koya musu wanke kwalabe da sa safar hannu. Bai faɗi na ƙarshen da wannan lafazin ba, amma kowa a teburin haka ya ji shi.

Da nan aka tsaya, da da sauƙi. Amma sai Farfesa ya juya ya tambayi Dogo ko yana da abin cewa. Dogo ya dubi hannayensa, ya gyara murya.

"Ni dai ina ganin gajiya ce, Farfesa. Ga yara, ga tsohuwa a gida, ga aiki. Ido ma ai nama ne."

Sakatariya na gefe tana rubuta abin da aka tattauna, sai da alƙalaminta ya tsaya cak don daɗi. Maman Biyu dai a ranta ta lissafa cewa yaran nan ba ita kaɗai ta haife su ba, tsohuwar da ake magana kuma uwarsa ce. Ta tattara takardunta ta sauka ƙasa wurin Giwa, ta rufe ƙofa, ta zauna a cikin sanyi ba ta kunna komai ba.

Tun daga ranar magana ta ɗauke a gidan. Da yake doka ta hana kawo maganar aiki gida, kuma ba wata magana a cikinsu sai ta aiki, sai aka zauna shiru. Inna, uwar Dogo, ita ta zama gidan waya. Tana zaune a kujerarta tsakanin kicin da falo, ido ɗaya ya yi yana, kunne kuwa ko allura ta faɗi sai ta ji. Maman Biyu ta ce, Inna a gaya wa Baban Biyu famfon banɗaki na zuba. Inna ta juya ta ce wa ɗanta wai an ce shi da babu duk ɗaya a gidan nan, famfo ma ya gagare shi. Shi ya ce a gaya mata zai kira mai gyara. Inna ta isar da cewa wai in tana gaggawa ta gyara da kanta tunda ita ma dakta ce. Ba don mugunta take yi ba. Zaman gida ne ya ishe ta, ga shi rediyonta ya lalace.

'Yan biyun ma suka koya. Ɗaya ya ce wa Inna ta gaya wa ɗan'uwansa ya ba shi fensirinsa, alhali suna zaune a tabarma ɗaya.

Maman Biyu ta sake awon. Ta sake sakewa. Ta canja kwalba, ta gwada Giwa da wani ƙarfen da kowa ya san awonsa, Giwa ta faɗi gaskiya. Ta koma kan ƙurar, lambar nan dai ta jiya ita ta sake fitowa, ba ta motsa ba. Ta je an duba mata ido a ɓoye, likita ya ce idonta ya fi nasa. Ta fito ba ta ji daɗi ba, don da ya ce akwai matsala, da aƙalla ta san inda za ta ajiye kayan. Da safe ta shirya yara, ta bi motar ma'aikata a tsaye, ta wuni a sanyi, ta dawo ta tarar da wanki da saƙonnin Inna. Har ta kai in ta rufe ido riɗin nan take gani yana yawo. Ana gobe taro ta cire mabuɗin ɗakin Giwa daga cikin sauran mabuɗanta ta sa shi a aljihun jaka shi kaɗai, don kada gobe ta tsaya kiciniyar cire shi a gaban mutane.

A wannan safiyar ce aka ƙwanƙwasa mata ƙofa. Ta buɗe ta ga Dogo tsaye, ya rage tsawo, ƙafafunsa a bayan dokin ƙofa kamar an ja masa layi. Ya ce ya manta yau ce ranar da za a duba idon Inna a asibiti, ga shi ya riga ya tayar da awo, abokin aikinsa kuma yana hutu. Ya ce ko za ta kai ta. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce ido ai nama ne, ita nata ya gaji, kada ta ɓatar masa da uwa a hanya. Ya haɗiye wannan. Ya ce to ko za ta zauna masa a ɗaki, don gas ɗin da yake aiki da ita mai kamawa da wuta ce, an hana a bar ta a buɗe ba kowa.

Ta so ta ce dokar fa? Sai ta ga ba ta da ƙarfin. Ba ta da sauran abin yi a wurin Giwa, kuma ta ji an ce ɗakunan sama na da taga.

Akwai tagar kuwa, rana na shigowa har kan kujera. Akwai kofunan shayi da suka bushe da ganye a ciki, da wata shuka da ta mutu tun ba a san ranar ba, da hotonta a jikin bango tun tana da kumatu. Ta ga hoton ta ɗauke kai. A kusurwa ga doguwar tukunyar gas an ɗaure ta da sarƙa, siririn bututu ya fito daga kanta ya shiga cikin na'urar, ya fito ta wancan gefen ya nutse a wata kwalbar mai, tana ta ɓul-ɓul-ɓul a hankali.

Ta tambaye shi wannan fa. Ya ce haidurojin ce, kullum a cikinta yake awo don kada iskar ɗaki ta ɓata ƙurar, haka malaminsa ya koya masa, haka shi ma malamin ya tarar. Ta gyaɗa kai. Ba ta kawo komai a ranta ba, shi ma bai kawo ba. A wurinsu gas a kan filatinom kamar ƙuda ne a kan ƙofar ƙarfe: ya sauka, ya yi harkarsa, ya tashi, ƙofa na nan yadda take.

Ya nuna mata agogon da ke kan tukunyar. Ya ce in allurar ta faɗa ja, gas ta ƙare ke nan, ta rufe wannan famfon, ta kunna injin zuƙe iska, shi ke nan, kada ta taɓa komai. Ya ce allurar ba ma za ta faɗa jan ba. Ya ɗauki mabuɗin mota ya fita da sauri.

Ta zauna a kujerarsa. Rana ta dafa mata baya, ɗumin da ta manta akwai shi a duniya. Kwalba na ɓul-ɓul. Ba ta san lokacin da barci ya sace ta ba.

Shirun ne ya tashe ta. Kwalba ta daina magana, allura ta kwanta a ja. Ashe Dogon ma da yake rabon gajiya a taro bai duba tukunyarsa da kyau ba. Ta miƙe da barci a ido ta rufe famfo, ta kunna injin zuƙe iska. Ta tsaya tana sauraron ƙararsa, irin ƙarar da take ji kullum a ƙasa. Da ƙarar ta lafa, hannunta ya je da kansa ya murɗa makunnin zafi, kamar yadda yake yi kowace safiya ta Allah. Ta jira, ta kashe, ta koma ta zauna tana jiran ƙura ta huce. Sai da ta huce ɗin sannan ta tuna ba a ɗakinta take ba.

Ta gasa masa ƙura. An ce kada ta taɓa komai, ta taɓa. Ta dafe goshi, ko tsaki ta kasa yi. Gobe sai a ƙara da cewa ba ido kaɗai ba, har hannun ma ya gaji.

Ita kuwa na'ura ba ruwanta, ba wanda ya ce ta tsaya. Ta ci gaba da harba haskenta, can sai ta zana sabon layi a kan tsohon. Maman Biyu ta ɗaga kai don ta ga girman ɓarnar. Tozon ya matsa. Ya bar inda yake ya koma hagu kaɗan, ya kuma baje kamar an zauna a kansa. A ƙasansa na'urar ta rubuta lamba.

Ta san lambar nan kamar yadda ta san lambar takalmin 'yan biyu. Ita ce ta hana ta barci, ita ce ta kai ta wurin likitan ido. Ga ta yau a allon Dogo, a na'urar Dogo, daga kwalbar Dogo.

Ta daɗe tana kallo. Injin buga takarda na nan kusa da gwiwarta. In ta buga wannan ta sauka da shi, ofishin Farfesa ba nisa, teburin Sakatariya kuma a bakin ƙofarsa yake, kafin a tashi aiki har mai gadi ya ji cewa na'urar Dakta Miji da bakinta ta ƙaryata shi. Ta hango fuskarsa a taron gobe, ta hango kanta tana gyara murya tana cewa ita dai tana ganin gajiya ce. Maganar ta yi mata zaƙi a baki, har sai da ta motsa leɓe ta gwada ta.

Amma ta daɗe a sana'ar nan. Ta san kuskure yawo yake yi, yau nan gobe can. Lambar Dogo ba ta taɓa yawo ba, kullum wuri ɗaya take, kamar tata. Mutum biyu ba sa yin kuskure a tsaye cak haka awo bayan awo. Ta dubi tukunyar da ta ƙare, ta dubi kwalbar da ta yi shiru. Ta janye gwiwarta daga injin buga takarda, ta jingina, ta jira.

Bayan azahar suka dawo, shi da Inna, don bai samu sukunin kai ta gida ba. An ɗiga mata magani an sa mata baƙin tabarau, tana tafe tana riƙe da hannun rigarsa tana ba shi labarin matar da suka zauna kusa a layi. Dogo ya dubi allura, ya dubi makunnin zafi, ya dubi allo. Fuskarsa ta canja. Ya tambaye ta me ta taɓa, ta gaya masa ba ta rage komai ba. Ya fara cewa ai shi ya sa tun farko aka kafa doka, awon yini guda ya tafi a banza, ƙurar ma ta lalace.

"Baban Biyu, karanta lambar," in ji ta.

Ya karanta. Shi ma ya san ta, ai a kanta ya yi jawabi.

"Je ka samo wata tukunyar."

Ya fita. Can sai ga shi yana turo wata daga ɗakin maƙwabta a kan amalanke, yana haki, gumi ya jiƙa masa baya. Inna ta laluba ta samu kujera, ta ce ashe nan ne wurin da ake zuwa kullum, ita ta ɗauka ya fi haka kyau. Ya ɗaura bututu, ya gwada ko yana yoyo, ya buɗe famfo. Kwalba ta koma ɓul-ɓul. Suka tsaya su biyu a gaban allo, akwai tazarar mutum guda a tsakaninsu. Na'urar ba ta gaggawa don kowa. Inna ta yi gyangyaɗi ta farka ta sake yi.

Da layin ya fito, tozon ya koma gidansa na da, ya miƙe tsaf. Lambar Dogo.

Ya rufe famfo, ita ta kunna injin zuƙe iska ta murɗa zafi, wannan karon da saninta. Suka jira. Lambarta. Ya sake buɗewa. Lambarsa. Ƙurar nan dai ɗaya ce, tana shiga tana fita kamar ƙirjin mai barci.

Inna ta gaji da jira ta ce to wa ya ci? Maman Biyu ce ta ba ta amsa, tana magana a hankali kamar mai gaya wa kanta. Ta ce ƙwayoyin da ke bakin waje, in ba komai a kansu, ba su da abin riƙewa ta waje, sai su ƙanƙame na ciki, kowa ya takure. In gas ta sauka a kansu ta kama su, sai su sassauta, su koma sahu. A ƙaton ƙarfe na bakin wajen ba su da yawa, ba mai lura. Amma ƙura in ta yi ƙanƙanta irin wannan, kusan rabinta duk 'yan bakin waje ne. Ta ce ita tana ganinsu tsirara, shi yana ganinsu da riga, kowa kuma abin da ya gani gaskiya ne.

Inna ta juya baƙin tabaranta daga wannan zuwa wancan.

"Wato duk aiken nan da kuka yi ta yi mini, a banza na yi ta kai da kawowa."

Dogo bai yi dariya ba. Ya zauna a kan akwatin kayan aiki, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, ya riƙe kai. Ya ce in haidurojin na yin haka, to gas mai dafin da ke cikin hayaƙin mota fa, iskar da muke shaƙa fa, tururin ruwa fa? Kowacce da irin kamun da za ta yi wa ƙwayoyin. A cikin bututun mota kuma duk a haɗe suke. Ya ce ke nan duk abin da suka auna tun farkon zuwansu, ba wanda ya ga ƙurar a yadda take lokacin da take bakin aiki. Sai an sake daga farko, gas bayan gas. Ya faɗi haka da muryar wanda aka ce ya kwashe yashin da ya gama tarawa ya mayar inda ya ɗebo.

Maman Biyu ta ji nauyin abin ya sauka a kafaɗarta ita ma. Ta ɗauka in gaskiyarta ta fito za ta ji sanyi a rai. Abin da ta ji kawai shi ne ƙafafunta na ciwo.

Ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta tsaya.

"Gobe, a gaban waɗanda ka faɗa, a nan za ka janye."

Ya ce shi fa rufa mata asiri ya yi niyya, ya ga gara a ce ta gaji da a ce ba ta iya ba.

"Da ka ce ba ka sani ba. Ai ba ka sani ba ɗin."

Inna ta ce a zo a kama ta, ita ba ta ganin hanya, kuma in an gama sulhun a tuna ba ta ci komai ba tun safe.

Washegari a taro Dogo ya haska layukan a bango, na gas da na babu gas, ɗaya kan ɗaya. Farfesa ya manta da gwiwarsa ya miƙe tsaye, ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa bangon, yana ta cewa a sake nuna masa. Ya ce wannan ai ya fi rahoton farko, wannan shi ne rahoton. Ya ce mabuɗin Giwa na nan a hannun mai shi, masu batir su ƙara haƙuri. Masu batir suka sha mur. Ya ce za a nemo wa Giwa ɗan akwatin da ake sa gas a ciki a duba, kuma daga yau Dakta Miji da Dakta Mata tare za su riƙa awo, yau a sama gobe a ƙasa, kowa na ganin hannun kowa. Ya fara tattara takardu.

Maman Biyu ba ta motsa ba. Ta zuba wa mijinta ido. Dogo ya gyara murya, ya dubi hannayensa kamar wancan karon.

"Farfesa, akwai maganar da na yi a nan. Idonta lafiya lau. Ni ne ban taɓa sauka na ga yadda take yi ba."

Ya faɗe ta ƙasa-ƙasa, amma Sakatariya ta ji, wanda ke nufin kowa ya ji. Ita ma Maman Biyu ba ta taɓa hawa ta ga yadda yake yi ba, kuma ta san da haka sarai. Ta bar wannan a cikinta. Ba a tambaye ta ba.

Da aka watse ta tsaya a matakala, kusa da kantar da ake ajiye kwalabe, ta ciro mabuɗin daga aljihun jaka. Mayar da shi cikin 'yan'uwansa ya ba ta wahala, zoben ya yi tauri, har ya karya mata farce.

Ranar da Dogo ya fara sauka ɗakin Giwa, ta riga shi zuwa, ta zuƙe iska, ta gasa, ta bari ta huce, ta samu wata ƙura mai kyau ta saita ta tsakiyar allo bayan dogon nema. Ya ƙwanƙwasa, ta ce ya shigo. Ya shigo da rigar sanyi biyu da kofin shayi, idonsa na kan Giwa, bai lura da ƙofar ba. Goshinsa ya daki saman ƙofa, ƙarar ta zaga ɗakin, riɗin da ke allo ya yi rawa ya ɓace.

Maman Biyu ta rufe ido na ɗan lokaci. Ta buɗe. Ta jawo masa kujera da ƙafa.

"Shayin a waje. Ka zauna nan, kada ka jingina da komai. In tari ya zo maka ka fita da shi."

Ya kai shayin waje ya dawo ya zauna, yana shafa goshi. Ta murza wuyanta, ta kama makunni, ta soma neman wata ƙurar daga farko.